Buhu Uku na Garin Laka

Ranar da aka yaye babbar ledar da ke rufe da kayan masu haƙar foraj, wato rijiyar burtsatse, aka ga buhu uku ba sa nan, ina tsugune a bakin ramin laka ina tsince-tsince. A bazarar 1995 ne, a ƙauyenmu Zangon Aduwa, gabas da Ibohamane. Injin haƙa yana tura ruwan laka cikin bututun ƙarfe zuwa ƙasa, lakar ta dawo sama ɗauke da ɓarɓashin dutse, a cikin ɓarɓashin kuwa wani lokaci akan sami guntayen ƙwanso irin na bakin gulbi. Ƙwanso a ƙarƙashin dutsen Adar, inda ko kwaɗo ba a gani sai damina. Su nake tarawa a gwangwanin tumatir.

Shef Alƙasim, shugaban masu haƙar, ya tsaya kan kayan, gumi na bin wuyansa. Tari biyu ne a ƙarƙashin ledar, dukansu buhunan takarda masu rubutun Faransanci. Tari ɗaya sumunti ne, wanda za a ɗura tsakanin bututu da bangon rami in an gama. Ɗayan kuma wani gari ne mai launin toka-toka da suke kira bantonit, mu muna ce masa garin laka. Sumunti yana nan cif. Garin laka ne ya ɓace, kuma buhu ukun nan su ne na ƙarshe. Tun ranar Lahadi ba a buɗe ledar ba, ga shi yau Alhamis.

Kafin hantsi ya ɗaga rabin gari ya taru. Shef ya faɗa wa maigari a gaban kowa cewa haƙa ta iso wani yashi mai zubewa, in ba a kaurara laka ba ramin zai rufta ya danne ƙarafansa. Sannan ya juya ga mai gadi.

Mai gadin Ishaku ne, Kirista, mutumin wajen asibitin mishan da ke can kudu, wanda ya biyo masu haƙar. Dogon mutum ne mai magana a hankali. Duk gari shi kaɗai ne ba ya zuwa masallaci, kuma wannan ya sa idanu suka faɗa kansa tun kafin a tambaye shi.

"Ishaku, wa ya ɗauki kayana?"

"Shef, ban ɗauka ba."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ishaku ya dubi ƙasa. Wani daga baya ya ce ai baƙo ne, wa ya san abin da yake sayarwa a kasuwar Keita. Shef ya ce gobe da hantsi, in kaya ba su fito ba, zai sa Ishaku a mota ya miƙa shi ga jandarma. Maigari ya sa aka kai shi zaurensa, sannan ya aika a kira Kalla.

*

Kalla mai bin sawu sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Gajere ne, idonsa ɗaya ya yi fari, yana tafiya da karan dawa wanda yake nuna ƙasa da shi ba ya taɓa ta. Raƙuma da shanun da ya dawo wa mutane da su ba su ƙirguwa. Ya kewaye tarin kayan a hankali, ya dawo inda nake.

"Tanimu, awakin garin ga duka nan suke shan ruwan da ka zubewa. Ko giwa ta ɗauki kayan ga sawunta ya ɓace."

"To mi za ka bi?"

"Taso dai, bar tsintar duwatsu kamar kaza."

Ya je wurin Shef ya ce a nuna masa irin abin da aka sace. Shef ya kakkaɓe wani tsohon buhu ya sami ɗan gari cikin tafin hannu, ya zuba a kofin shayi, ya cika shi da ruwa ya motsa da tsinke. Muka zuba ido. Ruwan ya yi kauri kamar kunu, can ya zama kamar kafaffen koko. Shef ya ƙara ruwa, abin ya shanye ya kumbura. Ya kife kofin, bai zubo ba. Da ya girgiza shi sai ya saki ya kwarara, da ya ajiye kuma ya sake kamewa. Ban taɓa ganin abu mai barci da farkawa haka ba.

"Shi ke yaɓe bangon rami, Baba Kalla," in ji Shef. "Shi ke ɗauko tsakuwa ya fito da ita, shi ke sanyaya bakin ƙarfe."

"Ruwa nawa shika sha?"

"Buhu guda sai ya shanye tano da tano, manyan gangunan nan, bai ƙoshi ba."

"Ana gini da shi?"

Shef ya yi 'yar dariya, ita ce ta farko a ranar. "Ko gidan kaji. In ya bushe ya tsattsage, in ya ji ruwa ya koma kunu."

Na roƙi kofin, Shef ya bar mini.

*

Mutanen gari sun riga sun zaɓi nasu ɓarayin bayan Ishaku. Na farko Shafi'u magini, wanda yake tada kanti a bakin hanya, aka ce an ga buhun takarda a wurinsa. Muka tarar da shi bisa tsani. Buhun yana nan, amma na sumunti ne da ya saya a Bouza, rabinsa ya ma daskare. Kalla ya karɓi kofin daga hannuna ya miƙa masa, ya ce ya duba wannan sumuntin ko mai kyau ne. Shafi'u ya tsoma yatsa ya murza, ya shaƙa.

"Baba, wa ya cuce ka? Wanga ai ko kusa. Sumunti shina cizon hannu, wanga santsi garai kamar kuɓewa."

"In kai ne ka je sata, za ka yi kuskure?"

"Allah shi tsare ni da sata. Amma in na je, da ɗagawa zan gane."

Muka bar shi yana mita wai an ɓata masa suna a banza.

Ta biyu Hindatu ce, matar mahauci, mai tsohon ciki. Wata maƙwabciya ta rantse ta ga farin gari a leɓenta. Kalla bai ko shiga gidan ba, daga bakin darni ya yi sallama. Hindatu ta kunce gefen zanenta ta nuna mana ɗan ƙullin farar ƙasa irin wadda masu ciki ke tsotsa.

"Baba Kalla, buhu uku aka ce? Ni ɗaya? To ɗan da zan haihwa tulu ne?"

Kalla ya ba ta haƙuri, ta ce sai ya zo suna da goro.

A hanya yana ta jan karansa a iska. Can ya ce, "Wanda ya ɗauki abin ga bai taɓa buɗe buhun sumunti ba tun da aka haihe shi. Sumunti ya zo ɗauka, hannunsa ya hwaɗa kan na kusa. Ba mai saidawa ba ne, mai saidawa shina dubawa."

"Ishaku ya san bambancinsu."

"Shi ya sa ban je zaure ba tukuna. Mu gangara rijiya."

*

Rijiyarmu ta dā tana can cikin kwari, tafiya mai nisa ta gangaren duwatsu, ita ce dalilin da ya sa muka yi shekaru muna roƙon foraj. A bazara sai an jira ruwa ya tsatso. Kowane gida ya san yawan abin da yake ɗiba, ba mai ɗibar fiye da bukata, don wuyar hawan ta isa ta hana mutum almubazzaranci.

Kalla ya bar tsakiyar hanya ya bi gefe, inda yashi ya kwanta tsakanin duwatsu. Ya nuna mini sawun jaki mai jan ƙafar baya ta hagu. Gangarawa sawun ba nauyi, hawowa ya nutse. Ya nuna wani a kansa, da wani a kan wancan, na jiya, na shekaranjiya, na safiyar yau. Kusa da su kuma sawun takalmin taya na mutum mai gajeren taki, da ɗigon sanda.

"Jakin Ɗangana," na ce. Duk gari an san jakin nan.

Ɗangana ya girme mu, manomin gero ne da ke zaune a ƙarshen gari shi da matarsa Cima. Ba su da ɗa a raye. Cima ta yi watanni a asibitin mishan da ciwon suga, ta dawo ƙafafunta ba sa ɗaukarta.

Matan da ke bakin rijiya suka tabbatar. Sun ce kwanakin nan Ɗangana yana riga kowa zuwa, ya dawo da rana, ya dawo da la'asar, har sun fara yi masa tsiya ko amarya zai yi. Wata dattijuwa ta kwaɓe su. "Ku bar bawan Allah. Mai jinya ne, wanki ba shi ƙare mishi."

Na ji daɗin wannan magana, na ce wa Kalla shi ke nan, mu nemi wani. Muka hawo, Kalla ya bi ta bayan gidan Ɗangana inda kafar ruwa ke fitowa ta gindin katanga. Ya tsuguna. Kafar a bushe take, sai ɗan danshi mai faɗin tafin hannu, tururuwa ma sun yi gida a bakinta.

"Ruwan wanki shina hitowa, Tanimu. Wanga ruwa duka ya shiga gidan ga, bai hito ba."

Daga ciki muna jin muryar Ɗangana yana lallashin Cima ta ƙara ko ludayi ɗaya na fura, tana ce masa ya cika naci kamar ƙuda. Kalla ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe bai nufi ƙofa ba.

"Ba za mu shiga ba?"

"In shiga in ce mishi mi, gaban matarshi?"

*

Da la'asar muka je zauren maigari. Ishaku yana zaune a kan tabarma, an ajiye masa tuwo bai taɓa ba. Kalla ya zauna kusa da shi ya miƙe ƙafa.

"Kahin ka bi masu haƙa, ina ka yi aiki?"

"Gadin ƙofar asibiti, Baba."

"Masu jinya suna kwana nan bakin ƙohwa?"

"Waɗanda suka zo daga nesa."

"Har da tsofaffi masu jaki."

Ishaku ya ɗago ya dube shi, ya sake sunkuyawa. "Baba, ni dai ban ɗauka ba. Abin da zan faɗa wa jandarma ke nan."

"Kana da iyali?"

"Rahama da yara biyu."

"Su kuma, wa za su gaya ma ba su ɗauka ba?"

Kalla ya jawo akushin ya tura gabansa, ya ce ya ci, gobe doguwa ce.

*

Washegari da hantsi aka taru a gindin aduwar ƙofar maigari. Motar Shef tana tsaye, an riga an tada ta. Kalla ya ce a kira duk wanda aka ambaci sunansa da duk magidancin da ke gari. Shafi'u ya zo da cokalin gininsa a hannu, mahauci ya zo a madadin Hindatu yana huci, aka fito da Ishaku. Ɗangana ya iso a ƙarshe, ya ɗaure jakinsa mai ɗauke da bido biyu, jarkoki cike da ruwa, ya zauna can baya. Da ya ga Ishaku tsakanin samari biyu sai ya tambayi na kusa da shi abin da ke faruwa. Ashe tun jiya bai zauna da kowa ba, daga rijiya sai gida.

Maigari ya ce, "Kalla, ka ga sawu?"

"Ranka shi daɗe, kahin sawu ina son Shef shi gaya ma jama'a abin da anka ɗauka, da ƙarhi, don na baya su ji. Tanimu, kawo kohin ga."

Na miƙa. Shef ya ɗaga shi ya kife, ya ce wannan ba sumunti ba ne, garin laka ne na haƙa. Ya ce wanda ya ɗauka don gini ya yi wahalar banza, don ko shekara zai yi yana jira ba zai yi ƙarfi ba.

Sai murya ta fito daga baya, a hankali.

"Ko ana ba shi ruwa sahe da marece?"

Kowa ya waiga. Ɗangana ne, ya miƙe yana riƙe da sandarsa da hannu biyu. Bai ma lura da idanun da ke kansa ba, Shef kawai yake kallo.

"Can asibiti na ga magina sun yi daɓe, kullum suna yayyahwa mishi ruwa. Sun ce haka shika yin ƙarhi. Ni ban hwasa ba ko sau ɗaya."

Shef ya sauke kofin. "Baba, ruwan ne ke hana shi."

Ɗangana ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa rasuwa. Sannan ya tako tsakiya, ya cire hularsa ya ajiye a gaban maigari.

"Ni na ɗauka, ran Lahadi da azahar. Ku saki yaron ga. Cima tun da munka dawo ba ta barci, ƙahwahunta suna ci kamar wuta. Ta ce abu ɗaya take kewa na asibiti, daɓen baranda mai sanyi. Na ga buhuna tari guda, na ce uku ba za su hana rijiya ba."

Mahauci, da ya zo da faɗa a bakinsa, ya kau da kai yana gyara rawani. Maigari ya juya ga Ishaku ya tambaye shi ina yake a lokacin.

"Ina ƙarƙashin mota ina karatu. Na ga Baba ya zo da jaki. Mun sha shayi tare a bakin ƙofar asibiti wata da watanni, na san abin da ke gidansa. Sai na juya na fuskanci taya." Ya dubi Ɗangana. "Da na duba, da na ce masa ba wannan tarin ba ne."

Wani ya fashe da dariya, wasu suka bi, har maigari ya rufe baki da gefen riga. Shef bai yi dariya ba. Ya ce mai gadin da ke fuskantar taya ba mai gadi ba ne, daga yau Ishaku ya bar gadi ya ɗauki shebur a ramin laka. Ya aika a kashe motar. Sannan ya ce wa Ɗangana, "Muje in ga abin da ya rage na kayana."

*

Ɗakin Cima ƙarami ne, an fitar da komai na ciki. Ƙasansa kuwa ya cika da laka mai launin toka har ta kusa kai dokin ƙofa, lumui, tana sheƙi, an shafe samanta da bayan ƙwarya da kyau. Wani sanyi ke fitowa daga ɗakin kamar bakin randa. Shef ya tsuguna ya nutsa hannu har wuyan hannu, ya murza.

"Ka sa yashi?"

"Kaɗan. Ƙarhina bai kai ba."

"Gara da bai kai ba." Ya miƙe yana share hannu. Ya ce abin ya jiƙu sarai, ko su ma sai sun jiƙa shi ya kwana kafin su tura shi rami, yashin kuwa zai kwanta a ramin tacewa. In an kwashe yanzu, kafin azahar inji zai tashi. Maigari ya sa aka yi shela, mata suka fito da ƙore da bokitai, aka yi layi daga ƙofar ɗakin har bakin foraj.

Cima tana kwance a rumfar tsakar gida, inda mijinta ya mai da ita har daɓe ya bushe. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido. Ni na lura da ƙafafunta: laka ta bushe a kansu har idon sawu, ta yi fari ta tsattsage. Kalla ma ya gani, tun kafin ni.

"Cima, wa ya shiga daɓen mutane bai bushe ba?"

"Kalla, kai da idonka ɗaya ba ka barin kowa shi huta." Ta ja zane ta rufe ƙafafun. "In ya tahi rijiya nika jan jiki in zauna bakin ƙohwa in tsoma su. In shahe wurin kahin shi dawo. Rabona da barci irin na kwanakin ga tun bara."

Ɗangana ya tsaya da ƙwarya a hannu. "Kin san ba sumunti ba ne?"

"Malam, wata nawa na yi kwance bisa sumunti? Tun ran hwarko na sani."

"Ba ki gaya mini ba."

"Kana ta murna. Kuma ka ce mini ba ka shi anka yi." Ta dube shi har ya sunkuyar da kai, sannan ta nemi Ishaku da ido, ta same shi a bakin ƙofa da shebur. "Zo nan, ɗana. An ce don mu ka kwana zaure."

Ishaku ya durƙusa a gefen tabarmarta. Ta kama hannunsa ta riƙe, ta tambayi Rahama da yara, ta tambaya ko an ba shi abinci. Ya ce an ba shi.

Shef ya leƙo yana cewa a yi sauri, yashi ba ya jira. Cima ta kira shi yadda ake kiran jika.

"Kai mai inji. Rijiyarka za ta rasa ruwa don ƙwarya ɗaya?"

Shef ya dubi ɗakin da aka kusa kwashewa, ya dubi ƙafafun da ke ƙarƙashin zane. Ya karɓi babbar ƙwaryar da ke hannun Ɗangana, ya shiga da kansa ya ciko ta, ya kawo ya ajiye a ƙarshen tabarma.

"Kada a bar ta ta bushe, Baba," ya ce. "Wannan kam a ba ta ruwa safe da yamma."

Ishaku ya ɗaga ƙafafun Cima ɗaya bayan ɗaya ya sa a ciki. Ta lumshe ido. Ɗangana ya je ya kunce bido daga bayan jaki.